Tofa da ƙarangiya sun shiga kiri-kirin da na dasa wa yara

Malamin Yara, ƙasar Birnin Kudu:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen duk wanda ya san halin ciyawa, manomi ne ko malamin gona ko mai kula da filin ƙwallo, don abin ya fara hana ni barci.

Ni malamin firamare ne, da la'asar kuma ina karantarwa a Islamiyyar ƙauyenmu. Aji biyu gare mu, yara sun fi ƙarfinsu, saboda haka ƙananan a waje suke zama. Da can gaban makarantar rairayi ne zalla, irin jigawar nan tamu, in iska ta taso sai ka ga yaro yana biya karatu yana murza ido. Tabarma kuwa ba ta yi mana wata uku. Damina uku da suka wuce na ce bari in gwada ciyawa. Wurin ba wani babba ba ne, taku 25 ne a tsaye, 18 a kwance, da ƙafata na auna. Na riƙa hawa babur zuwa bakin fadama ina saro kiri-kiri da fartanya, da saiwarsa da 'yar ƙasarsa, in cika buhu biyu in ɗauro. Ni da manyan ɗalibai muka dasa shi layi-layi kamar dashen albasa, tsakani taƙi guda. Ruwan da ke zuba a gindin famfon tuƙa-tuƙa, wanda a da yake kwanciya ya zama gidan sauro, muka ja masa 'yar hanya ya riƙa gangarowa filin. Kafin damina ta biyu ta fita kiri-kirin ya haɗe, ya rufe ƙasa ruf. Wallahi ranar da na ga yara sun tuɓe takalma sun zauna a kai ba tabarma, wasu har da kwanciya, na ji daɗin da ban taɓa ji ba a aikin nan. Har dattawa suka mai da wurin majalisarsu bayan isha'i.

Inda na yi kuskure shi ne kusurwar gabas. Wurin yana da ɗan kwari, ruwa na kwanciya, sai na sa aka kawo mini ƙasa amalanke biyu daga fadama aka cike. Da idona na ga wasu fararen saiwoyi a cikin ƙasar, masu gaɓa-gaɓa, bakinsu da tsini kamar tsinken tsire. Na ɗauka matattu ne, na baje da manjagara. Ashe tofa na dasa da hannuna. A shekarar kuma na zuba takin turke mai yawa, na awaki da na shanu, ban bari ya ruɓe ba. Ina kyautata zaton ta nan ƙarangiya ta samu shiga.

Yanzu tofar ta cinye kusurwar nan gaba ɗaya, wajen faɗin tabarma huɗu, sannan tana ɓullowa ɗai-ɗai a tsakiyar fili, nesa da inda ta faro, kai ka ce da dare ake zuwa ana shuka ta. In na yanke da lauje, kwana huɗu ta dawo ta ɗara kiri-kirin tsawo. Sabon tohonta kuwa allura ne. Makon jiya ya soki wata yarinya 'yar shekara shida a tafin ƙafa, jini na zuba, ni na goya ta har gida ina ba uwarta haƙuri. Ƙarangiya kuma ta bi gefen hanya inda kiri-kirin ya yi sako-sako, ta fara fitar da kai, har ta soma kama hijaban yara.

Bara na je kasuwa na yi wa wani mai sayar da maganin feshi bayani. Ya miƙo mini kwalba ya ce wannan muguwar ciyawa kaɗai yake ci. Na aro injin goyo na fesa a kusurwar. Washegari da hantsi komai ya ƙone ƙurmus, da tofar da kiri-kirin. Bayan mako biyu tofa ce ta fara fitowa, kore shar, kiri-kirin kuwa har yau bai dawo a wurin ba. Garin neman gira na rasa ido.

To akwai maganin da zai kashe tofa da ƙarangiya ya bar kiri-kiri? Wasu sun ce in bari rani ya yi in cinna wa wurin wuta. Na kuma karanta a intanet cewa a Amurka suna jiran lokacin sanyi, in ciyawar ƙofar gida ta bushe, sai su yi feshi a kanta ba abin da ke samunta. Wannan zai yi a nan? Ba na son in tayar da filin gaba ɗaya, guminmu ne na shekara uku, kuma ba mu da kuɗin lebura. Allah ya saka wa wanda ya taimaka.

Mai Tsaron Gida, Gwaram:

Wa'alaikumus salam Malam. Mu a filin ƙwallonmu in kaka ta yi wuta muke sawa, ƙarangiyar ta ƙone, mu share toka mu ci gaba da wasa. Na kuma ji ana cewa in aka zuba gishiri ko baƙin mai a gindin tofa ba ta ƙara fitowa, amma ban gwada ba. In da hali ka samu mai tarakta ya bi kusurwar da haro, ka sake dashe. Allah ya ba da lada.

Tsohon Manomi, Kadawa, ɗana ke rubuta mini:

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a mizani. Yaron nan nawa ya karanta mini maganarka na ce sai na tanka, don ni da tofa mun daɗe muna kokawa. Tun ina saurayi nake noman rani, tun bayan da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya wadata a wajenmu, kuma duk gefen da danshi ya zauna ba a taɓa shi, tofa ce ke fara kama shi.

Ɗana na Gwaram, kada ka ji haushi, amma shawarwarin nan naka aiki za su ƙara wa Malam. Wuta abincin tofa ce. Mu da muke yankanta don jinka mun sani, in kana son ta yi kyau baɗi, bana za ka ƙona ta. Ganye kawai wutar ke ci, ta share mata maƙwabta, ta bar mata toka. Kafin mako biyu ta yi toho, ba da jimawa ba ka ga ta fitar da farin furen nan mai kama da auduga iska na kwasa. Kiri-kiri kuwa rabin jikinsa a kan ƙasa yake rarrafe, shi wutar za ta fi yi wa ɓarna. Gishiri da baƙin mai ƙasar za su kashe, a yi shekaru ba a ga tsiro a wurin ba, ga famfon da mutane ke sha a kusa. Haro kuma faifansa yayyanka saiwar yake yi gutsi-gutsi ya watsa, kuma kowane gutsure mai gaɓa tofa ce sabuwa. In ba za a yi ta maimaita shi cikin rani ba, ka shiga da tabarma huɗu ka fito da takwas.

Ka gane wani abu Malam. Abin da kake gani a sama gashinta ne kawai, ita tana ƙasa. Waɗannan da ka ce suna ɓullowa ɗai-ɗai a tsakiyar fili, ka ɗauki ƙaramar fartanya ka bi guda a hankali. Za ka tarar igiya ce fara ta taho tun daga kusurwar ta ƙarƙashin kiri-kirinka. Na taɓa bin wata a gonar rogo, na tarar ta huda rogon ta fita ta ɗaya gefen ta ci gaba da tafiyarta. Rumbunta ke nan, a ciki take ajiye abinci. Shi ya sa maganin da ya ƙona sama bai yi mata komai ba.

Kusurwar da ta cinye, ka haƙura da ita, babu kiri-kirin da za ka ceta a ciki. Ka jira bazara, Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasa ke ƙona ƙafa. Tun da wuri ka janye hanyar ruwa daga wajen, ƙasar ta bushe. Ku sa diga ku tone zurfin taƙi biyu, ku farfasa hoge, ku bi farar saiwar da hannu kamar masu kalar gyaɗa. Kada ku zubar a juji, can ma za ta kama. Ku shanya ta a kan tsohon kwano ko daɓen siminti har ta bushe ƙayau tana karyewa, sannan a kai murhu. Ƙasar ku bar ta a buɗe rana ta dake ta, bayan kwana goma ku sake juyawa ku sake tsinta, ku yi haka sau uku. Ranar bazara ita ce babban maganin da Allah ya ba mu. Kafin a mayar da ƙasa ka binne tsohon kwanon rufi a tsaye tsakanin kusurwar da sauran filin, ka lanƙwasa bakinsa na sama kada ya yanki yaro. In ruwa ya sauka, wadda ta tsira za ta nuna kanta. Ka tone ta tun tana ganye biyu, sannan ka dasa kiri-kirinka.

Kuma ka duba mini wani abu. Tunda ƙasar fadama ka kawo, ga ruwa na kwanciya, da wuya a ce ba jiji a ciki. Ka tsinki wanda ganyensa ya fi sheƙi ka murza karansa tsakanin yatsu, in ka ji kusurwa uku to shi ne. 'Ya'ya gare shi a ƙasa kamar aya, a jere kamar carbi, in ka cire sama ka bar su a nan. Tonon bazarar nan shi ma yana kashe su.

Malamin Gona, Kazaure:

Baba na Kadawa ya gama magana a kan kusurwar, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan taɓa ɓangaren magani, da waɗancan ɗai-ɗai na tsakiyar fili, don in ka ce tone su za ka yi duka, filin zai tashi kaca-kaca.

Tambayarka ta farko, Malam, amsarta a'a. Maganin da ake cewa yana zaɓe, irin 2,4-D da masu shinkafa da masara ke fesawa, mai faɗin ganye yake bambancewa da mai siririn ganye. Zai kashe tafasa da kashin yawo ya bar hatsi. To kiri-kiri da tofa da ƙarangiya duk 'yan gida ɗaya ne, dangin gero da dawa. Wanda kuma ake fesawa a gonar wake ko gyaɗa don siririn ganye, har da kiri-kirin zai tafi. Wanda aka ba ka bara, mai ƙona komai cikin kwana ɗaya, alamunsa na farakwat ne. Inda ya taɓa kaɗai yake ƙonawa, ba ya sauka cikin saiwa. Kuma guba ce mai tsanani, kurɓi ɗaya na iya kashe babban mutum, ba shi da makari. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, a nan ma hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta sa shi cikin waɗanda ta ce a daina. In da saura a kwalbar, kada ya sake kwana a makarantar nan.

Maganar Amurka gaskiya ce, amma ba tamu ba ce. Can sanyi mai ƙanƙara ne ke sa kiri-kirinsu ya bushe ya tsaya cak, ciyayin sanyi kuma suna kore a cikinsa, sai a fesa a kashe su. Naka yana shan ruwan famfo, ko da hunturu akwai kore a gindinsa, zai sha maganin. In kuma ka hana shi ruwa har ya bushe, tofar ma ta bushe tare da shi, ba ganyen da zai karɓi magani. Tofar ma tana can tana ba su wahala. A 1912 ta shiga jihar Alabama cikin ciyawar da aka cusa a akwatin kaya daga Jafan, yau tana cikin ciyayin da gwamnatinsu ta haramta yaɗawa, kuma maganin da zan gaya maka na cikin abin da suke dogaro da shi.

Tunda magani ba zai zaɓa ba, hannunka ne zai zaɓa. Ka nemi gilifoset (glyphosate), wanda aka fara sayarwa da sunan Roundup a 1974. Yanzu kamfanoni da yawa na yin sa da sunaye iri-iri, ka duba ƙananan rubutun jikin kwalbar ka tabbatar shi ne. Ta ganye yake shiga, ya bi ruwan jikin tsiro ya gangara har cikin saiwa. Ba fesawa za ka yi ba, shafawa. Abin nan da ke ba ka haushi, saurin miƙewarta, shi ne zai taimake ka. Ka yanke filin ƙasa-ƙasa ka bar shi mako biyu zuwa uku. Kiri-kiri zai kwanta, ita ta miƙe ta haura taƙi. Ka sa doguwar safar hannu ta roba mai kauri, wadda ka cika da ruwa ka ga ba ta yoyo, ka ɗora tsohuwar safar auduga a kanta. Ka haɗa kashi ɗaya magani kashi biyu ruwa a ɗan gwangwani. Abin da aka saba rubutawa don shafawa ke nan, amma ka bi na jikin kwalbarka. Ka tsoma yatsu, ka matse har ya daina ɗiga, ka kama ganyen daga tsakiya ka shafo sama. Kada ka matse shi da ƙarfi, gefensa kamar zarto yake, zai iya yanka robar. Wasu ma sun fi son ɗaura soso a bakin sanda biyu su riƙa kamawa kamar da awartaki. Ka samu kwali ka tsaga shi zuwa tsakiya, ka zura a gindin tofar ya tare ɗigo. Ka faro daga ƙarshen fili kana ja da baya, kada ka taka wadda ka shafa ka je ka buga sawu a kan kiri-kiri.

Ruwan haɗin ya zama garau, na famfo. Ruwan kududdufi mai laka yana kashe ƙarfinsa, don maganin manne wa ƙasa yake yi. Manoma da yawa na zuwa mana da ƙorafin magani bai ci ba, in ka bincika ruwansu ne. Ka yi da hantsi bayan raɓa ta bushe, ranar da ba hadari, ya samu kamar awa shida ruwan sama bai taɓa shi ba. Daga nan sai haƙuri. Ba za ka ga komai ba sai bayan mako ɗaya zuwa biyu ta fara rawaya, kuma kada ka yanke ta a tsakanin nan. Yanzu ne ma lokacinsa, ƙarshen damina, Satumba zuwa farkon Oktoba, da take tura abinci ƙasa don ajiyar rani, sai maganin ya bi abincin. Shafa ɗaya ba ta gamawa, wasu za su dawo, ka maimaita, baɗi ma ka sa ido. Ita ma kusurwar in ka bi ta da shi yanzu, tonon bazara zai zo muku da sauƙi.

Wani zai ce maka a rufe ta da inuwa. Gaskiya ne tofa ba ta jure inuwa, masu bincike na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan sun daɗe da nuna yadda kararar nan marar ƙaiƙayi ke danne ta a gona. Sai dai kiri-kiri ma ɗan rana ne, tare za su mutu.

Ƙarangiya halinta daban. 'Yar shekara ɗaya ce, ba ta da rumbu a ƙasa, irinta ne rayuwarta. Akwai fendimetalin, maganin nan mai launin ruwan ɗorawa da masu albasa da shinkafa ke fesawa kafin tsiro. A kan kiri-kirin da ya kafu ana sa shi gab da saukar ruwan farko ya hana irin tsira, amma yana hana sabon yaɗo kafa saiwa, don haka ba a sa shi inda za a yi dashe. A ɗan filin da yara ke zama ni ba zan fara da shi ba. Ka lura da abin da ka faɗa da bakinka, inda kiri-kirin ya yi sako-sako ta kama. Jigawa maras ƙarfi take so. Ka ciyar da naka: takin yuriya kilo biyu zuwa uku ya ishi filin nan a zubi ɗaya, ka watsa ganye na bushe ka bi da ruwa nan take. Ka riƙa yanka akai-akai kana barin tsawon gaɓar yatsa biyu. Yawan yanka ne ke sa shi yaɗo ta gefe, ya toshe mata ƙofa.

Maman Ɗalibai, Ringim:

Malam, Allah ya biya ka. Ni uwa ce, uku cikin yarana a ƙasa suke zama a tasu Islamiyyar, na san zaman cire ƙarangiya daga hijabi da dare da tocila a baki.

Ƙarangiya ka bar wa hannu. Gindi ɗaya gare ta, in ƙasa na da danshi tugewa take yi ba gardama. Tunda ka ce ta fara kai, kada ka ƙara mako. Alhamis ko Juma'a da ba karatu, ka tara manyan da safe, kowa ya zura tsohuwar safa ko leda a hannu, a tuge a jefa a buhu kai tsaye, kada a tara a ƙasa. Kuma kada ka bi ta da lauje, in an yanke ta kwanciya take yi ta fitar da kai ƙasa-ƙasa inda lauje ba ya kaiwa. Waɗanda suka riga suka zube kuwa, kakata buhun algarara take ja a bayan gida in kaka ta yi. Ka samu tsohon buhun algarara ko yagaggen bargo, ka ɗora masa guntun itace ya danne shi, a ɗaura igiya yara su ja a kan filin tsaye da kwance. Ka juya shi ka gani, zai cika dam. In ya cika a ƙona shi, kada a tsaya tsincewa. Buhun leda ba ya kamawa. Ba bana za ka gama ba, wani irin yana kwana a ƙasa sai wata daminar.

Ba ka yi maganar dabbobi ba. In awaki da tumaki na shiga, a jikinsu suke kawo ta, sannan kiri-kirin suke bi su cinye su bar tofa don ta yi musu tauri. Ga kara na zuwa, ka roƙi iyayen yara kowa ya kawo dami ɗaya a yi darni.

Yallabai malamin gona, ban ƙi taka ba, na ji hujjarka. Amma don Allah Malam ka gaya wa iyaye kafin ka shafa, ka zaɓi ranar da za a yi kwana biyu ba karatu, ka sa babba ya tsare wurin, don yaro komai ya gani baki yake kaiwa. Gwangwanin da safar kada a wanke su a gindin famfo, kada kuma a juye saura a robar lemo ko ta ruwa.

Malamin Gona, Kazaure:

Hajiya, gaskiyarki. Malam ka bi nata a wannan. Gwangwanin ka huda shi ka binne tare da safar nesa da famfo, ka yi wanka da sabulu, kayan da ka sa a wanke su daban.

Malamin Yara, ƙasar Birnin Kudu:

Jama'a na dawo da labari bayan mako biyar. Allah ya saka muku da alheri, ya ji ƙan mahaifa.

Baba, na bi guda kamar yadda ka ce. Taku bakwai na yi ina bin farar igiyar nan kafin ta kai ni kusurwar, a hanya ta yi rassa uku. Na tara manyan ɗalibai na nuna musu, har da waɗanda kullum suke yankan tofa wa iyayensu, ba wanda ya taɓa ganin tsawonta haka. Jiji ma yana nan, a bakin hanyar ruwa, na murza na ji kusurwa ukun.

Hajiya, ƙarangiya buhu ɗaya da rabi muka tuge ranar Alhamis ɗin farko. Wani tela ya ba mu tsohon bargo, yara suka yi ta ja suna waƙa, sau biyu muna kankare shi a kan wuta kafin na uku mu ƙona shi gaba ɗaya. Darni kuma mun fara, ɓangaren hanya ya rufu, sauran sai an gama yankan dawa.

Shafawa na so yin ta ranar Laraba da yamma ta ƙi, hadari ya taso, na ɗaga zuwa Alhamis da hantsi bayan liman ya sanar a masallaci. Gindi 163 na ƙirga a tsakiyar fili, ban da kusurwar. Awa uku na yi a tsugune da kwalina. Kwana takwas ban ga komai ba, har zuciyata ta fara raya mini an sake, ranar na tara sai na ga bakin ganyen ya fara ja-ja, yanzu yawancinsu sun bushe, in ka ja sai su zare da ruɓaɓɓen gindi. Wuri uku kiri-kirin ya ƙone, kowanne kamar faɗin faifai, inda na yi gaggawa ban matse safar sosai ba, amma yaɗo ya fara shigowa daga gefe. Sabbi 19 sun fito, na kafa wa kowacce tsinke, ina jira su ɗan yi tsawo in sake bi kafin ƙasa ta bushe.

Mai unguwa ya yi mana alkawarin kwano huɗu na tsohon rufin zaurensa, diga biyu kuma za mu aro. Abin da ya rage mini, Baba, hanyar ruwan ta kusurwar gabas take shigowa filin. In na toshe ta a watan Fabrairu don kusurwar ta bushe, sauran filin zai rasa ruwa a tsakiyar zafi. Ina tunanin in karkatar da ita ta bayan aji ta shigo ta arewa, sai dai wajen ya ɗan fi tudu, ban sani ba ko ruwan zai hau. Gobe in sha Allahu zan ja igiya in gwada da bokiti biyu in ga inda zai gangara.